Yadda ake adana dafin kububuwa da raba furotin ɗinsa a lab ba tare da ya lalace ba

Assalamu alaikum. Ɗaliban mastas da na digirin ƙarshe a bayokemistiri da famakoloji sun yi ta aiko min da tambaya iri ɗaya, wai Malam an ba ni tofik a kan dafin maciji, ta ina zan fara, a ina zan ajiye shi, me ya sa nawa ya daina aiki bayan wata biyu. Kusan dukkansu abu ɗaya suke son gwadawa, ko dai allurar maganin dafi ko wani sassaƙe da aka ce yana karya dafi. To ga amsar a wuri ɗaya. Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, yawancin aikin nan ba a kan kolum, wato bututun da ake raba furotin a cikinsa, yake lalacewa ba, tun a firiza yake mutuwa, ɗalibi bai sani ba ya ci gaba da auna mataccen abu har ya rubuta cewa sassaƙensa ya yi maganin dafi alhali dafin ne ya riga ya lalace da kansa.

Zan yi misali da kububuwa saboda ita ce ta fi cika gadajen asibitin Kaltungo a Gombe da na Zamko a Filato. Kusan kashi biyu cikin uku na dafinta wasu furotin ne masu yanka wasu furotin, waɗanda ba sa aiki sai da sinadarin zink, a takardu za ku ga an rubuta SVMP. Su ne ke sa jini ya ƙi daskarewa mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi, kuma suna da saurin lalacewa a hannun ɗalibi. Inda kumurci ya bambanta zan faɗa.

1. Takardu da inda dafin zai fito

Kafin komai ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku a rubuce, da sa hannun sufabaiza. Dafi kuma daga wurin da ake kiwon macizai don bincike za ka nema, inda ƙwararru ke tatsa, kamar cibiyar binciken saran maciji ta Jami'ar Bayero a Kano, ko kamfanin da ke sayarwa da takardar shaida.

Gargaɗi: kar ka tatsa da kanka, kuma kar ka sayi dafi a ƴar kwalba daga hannun gardi a kasuwa. Ba ka san wane maciji ba ne, ba ka san kwana nawa ya yi a aljihu cikin zafin rana ba, kuma babu mujallar kirki da za ta karɓi aikin.

Ranar da aka miƙo maka, rubuta sunan macijin na kimiyya, garin da aka kamo shi, macizai nawa aka haɗa dafinsu, manya ne ko ƙanana, da ranar tatsa. Batun gari ba wasa ba ne, dafin maciji iri ɗaya yana bambanta daga yanki zuwa yanki. Sannan tun 2018 masana suka raba abin da muka saba kira Echis ocellatus gida biyu, suka fitar da Echis romani, kuma da yawa daga cikin na wajenmu a nan suke faɗawa. In ka rubuta garin da kyau ko suna ya sake canzawa aikinka na nan daram.

Ka kuma san asibiti mafi kusa da ke da maganin dafi a ƙasa, EchiTAb-Plus ko EchiTAbG, ka manna lambarsu a bangon lab ɗin.

2. Kaya da kuɗi

Abin da ba makawa: santirifuj mai sanyi wato injin juya tiyub da gudu don datti ya kwanta, firiza mai kai digiri -20, injin busarwa a daskare wato firiz-diraya, ƙananan tiyub na Eppendorf, fifet da bakunansa, sifektirofotomita, kayan jel na SDS-PAGE da ke jera furotin gwargwadon girmansu, kolum na gilashi, garin Sephadex G-75 da ake cika kolum da shi, mitar pH, tukunyar gilashi ta busarwa da tsakuwar silika, safar hannu, gilashin kare ido da takunkumi mai kyau irin N95.

Ba zan sa farashi ba don dukkansu da dala ake shigo da su, yau daban gobe daban. Amma ga inda kuɗi ke tafiya: shi kansa dafin, Sephadex, makar auna girman furotin a jel, da man janareta. Na ƙarshen nan ɗalibai ba sa saka shi a bajet kuma shi ya fi cin kuɗi. Sephadex da maka ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya, kwalba ɗaya ta ishe ku, Sephadex ma ana wanke shi a sake amfani. Firiz-diraya ba a saye, hayar lokaci ake yi a babban lab na jami'a, ka je ka kama layi tun kafin dafinka ya iso.

3. Awannin farko

In ɗanyen dafi aka ba ka, tun daga wurin tatsa ya hau ƙanƙara a cikin kula, kar ya sauka. Da isowa ka juya shi a santirifuj a digiri 4, ƙarfin 10,000 g na minti 10. Za ka ga ɗan farin datti ya kwanta a gindi, majina ce da ɓurɓushin fatar baki, ka zuƙe ruwan saman a hankali ka bar dattin. Ruwan zai iya zama rawaya-rawaya, ba lalacewa ba ce, wani furotin ne da ake kira LAAO ke ba shi wannan kalar.

Gargaɗi: kar ka tsarma shi da ruwa a wannan matakin don ya yi auki. A cikin jakar dafin maciji akwai sitiret da wasu ƙananan sinadarai da ke riƙe masu yankan nan kar su yi aiki, da ka zuba ruwa ka sassauta musu, sai su fara cin junansu a cikin tiyub ɗinka.

4. Rarrabawa tun kafin busarwa

Nan ne dabarar da ta fi ceton aiki. Mutane sun saba su busar da dafin duka a kwalba ɗaya, sannan kullum a buɗe a ɗiba a auna a sikeli. Ni ban yarda da wannan ba sam. Tun yana ruwa ka raba shi da fifet cikin ƙananan tiyub, kowanne daidai abin da za ka ƙarar a aikin yini ɗaya, ka rubuta lamba a jiki da alƙalamin da ba ya gogewa, sannan ka busar da su haka. Ranar aiki tiyub ɗaya za ka ɗauka, sauran ba su ma san an buɗe firiza ba. Kuma ka huta da auna gari, wanda a lokacin hunturu tashi yake yi ya manne a jikin cokali da safar hannu saboda bushewar iska.

5. Busarwa

Daskarar da tiyub ɗin tukuna su yi tauri sosai, -80 in akwai, in babu -20 a kwana. Buɗe murfin ka rufe bakin da ledar lab ta Parafilm ka huda ƴan ƙofofi da allura, ka jera a injin. Ƙaramin samfuri yakan bushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya bushe da kyau za ka gan shi kamar ɗan dunƙule mara nauyi, fari ko ruwan ƙwai. In ka ga ya yi danƙo ko ya yi ƙyalli ya manne a gindi, to ya narke a tsakiyar aiki, galibi wuta aka ɗauke. Ka rubuta hakan a littafi, kar ka haɗa shi da masu kyau. Shi ya sa kafin a kunna injin sai an yi magana da mai janareta an tabbatar akwai mai na tsawon lokacin gaba ɗaya.

In firiz-diraya ta gagara kwata-kwata, tsohuwar hanya ita ce a shimfiɗa dafin siriri a faranti na gilashi a sa a tukunyar busarwa kan silika a zuƙe iskar, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Tana aiki amma ba ta kai ta farko ba, kuma dole ka faɗa a rubutunka cewa ita ka bi.

Gargaɗi: ba a shanya dafi a rana, ba a sa shi a oben. Kuma busasshen dafi ya fi ɗanye haɗari ga mai aiki ta fuska ɗaya, shaƙarsa a kai a kai yana jawo borin jini, atishawa, jan ido, har ciwon asma, daga baya jiki ya zama ko kaɗan ya taɓa sai ya tayar. Takunkumi da gilashi dole ne. Mai rauni a hannu kar ya taɓa. Dafin kumurci in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa nan take na tsawon lokaci sannan a tafi asibiti.

6. Ajiya

Rufe tiyub ɗin gam, zuba su a kwalba mai murfi da silika a ciki, naɗe da takardar alminiyom don haske, sai firiza -20. Busasshen dafi yana da juriya ƙwarai, a 2014 an buga wani bincike da aka gwada dafin da ya kai shekara 80 a ajiye aka tarar yawancinsa na aiki. Abokin gabarsa shi ne laima. Silika mai shuɗi in ta koma ruwan hoda ta sha ruwa ke nan, a canza. Kuma in ka fito da kwalba daga firiza, musamman da damina, ka bar ta a kan benci minti 20 zuwa 30 ta huce kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ce za ta sauka kai tsaye a kan dafin.

Kar ka yi amfani da firizar gida irin wadda ba ta tara ƙanƙara, ita da kanta take ɗumama kanta lokaci-lokaci don ta narkar. Kuma ga abin da nake sa kowane ɗalibi ya yi: daskarar da ruwa a ɗan kofi, ɗora kwabo ko wani ɗan ƙarfe a sama, ka bar shi kusa da samfurinka. Ranar Litinin in ka tarar kwabon ya nutse ya daskare a tsakiya ko a gindi, ka san firiza ta narke a ƙarshen mako ko da mai gadi ya rantse ba a ɗauke wuta ba. Raba ajiyar ma gida biyu, rabi a lab ɗinku rabi a wani ginin da ke da sola.

7. Narkarwa da zaɓen bafa

Ranar aiki ka narkar da tiyub ɗaya da bafa mai sanyi, wato ruwan haɗi mai riƙe pH kar ya canza. Ga dafin kububuwa, Tris mai ƙarfin milimola 20 zuwa 50, pH 7.4, da gishiri milimola 150 ya wadatar. Daidaita pH ɗin a yanayin sanyin da za ka yi aiki, don Tris yana canzawa in ya yi sanyi. Juya a hankali da fifet, kar ka sa a injin girgiza har ya yi kumfa, kumfa alamar furotin na warwarewa ce. Sake juyawa a santirifuj, ajiye kan ƙanƙara, ka ƙarar a ranar.

Gargaɗi uku a nan. Na farko duba ko akwai sinadarin EDTA a bafarka, tana kame zink ta kashe SVMP gaba ɗaya, kuma ana yawan samunta a bafar da ƴan aikin DNA suka haɗa suka bari a kan shelf. Na biyu, bafar fosfet tana kwantar da kalsiyam, in gwajin daskarewar jini za ka yi kauce mata. Na uku, abin da ya rage kar ka mayar firiza gobe ka sake narkarwa. Daskarewa da narkewa a kai a kai na rage ƙarfin dafi, shi LAAO ma daskarewa kaɗai na kwantar da aikinsa.

8. Auna furotin

Nauyin gari ba shi ne nauyin furotin ba, akwai gishiri da sauran abubuwa a ciki. Yi gwajin Bradford a karanta a sifektirofotomita a nanomita 595, ko gwajin BCA a 562, da furotin ɗin jinin shanu wato BSA a matsayin ma'auni, kowane samfuri sau uku. Ka zaɓi hanya ɗaya ka zauna a kanta har ƙarshen aiki don lambobinsu ba sa zuwa ɗaya. Masu aiki da dafin kumurci su lura, Bradford ba ya kama ƙananan furotin sosai, kuma nasu yawanci ƙanana ne, BCA ta fi musu.

9. Jel kafin kolum

Kar ka taɓa kolum sai ka ga fuskar ɗanyen dafinka a jel. Haɗa jel kashi 12 zuwa 15, zuba maikirogiram 10 zuwa 20 a kowane rami, layi ɗaya da DTT ko makaptoitanol, sinadaran da ke warware ƙullin furotin, an dafa a digiri 95 na minti 5, layi ɗaya ba tare da su ba, sai rini da Coomassie. A dafin kububuwa mai lafiya za ka ga layuka masu kauri a sama wajen kilodalton 50 zuwa 65, manyan SVMP ke nan, wasu a wajen 20 zuwa 30, sai tarin ƙanana wajen 14 zuwa 16 inda wani furotin da ake kira PLA2 da danginsa suke. Na kumurci kusan duk a ƙasa yake taruwa, 14 da kuma ƙasa da 10.

Ɗauki hoton jel ɗin nan da kyau ka adana, shi ne shaidarka ta ranar farko. Duk ranar da ka sake yi ka ga layukan sama sun dusashe ƙasa kuma ta cika da dishi-dishi, dafin ya ci kansa, kar ka ɓata reajen a kansa.

10. Kolum

Jiƙa Sephadex G-75 a bafa ya kwana ya wuni, giram ɗaya yana kumbura ya kai mililita 12 zuwa 15, sai ka lissafa gwargwadon kolum ɗinka. Tsiyaye ƙurar da ke yawo a sama, zuƙe iskar ciki, sannan ka zuba a kolum a tashi ɗaya ta jikin sandar gilashi. In ka zuba rabi ka tafi salla ka dawo ka ƙarasa, za a samu gaɓa a tsakiya kuma rabuwar ba za ta yi kyau ba, don haka zaɓi lokacin da ba abin da zai tashe ka. Kolum ya tsaya cak a miƙe, dogo siriri ya fi gajere mai faɗi. Wanke da bafa ninki biyu zuwa uku na cikinsa, sannan ka gwada da Blue Dextran, in shuɗin ya sauko a layi ɗaya madaidaici ka shirya, in ya karkace ko ya yi wutsiya zazzage ka sake.

Aikin kolum ɗin kamar tankaɗe ne amma a juye, a rariya gari mai laushi ke fara faɗowa, a nan manya ne ke fara fita don ba sa iya shiga ramukan ƙwayoyin, ƙanana su shiga su yi ta yawo su fito a ƙarshe. Samfurin da za ka ɗora kar ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na cikin kolum, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, a ɗora da yawa don a gama da wuri sai komai ya fito a cakuɗe. Bari ya ɗiga a hankali, tara a tiyub masu lamba daidai wa daida, karanta kowanne a sifektirofotomita a nanomita 280, zana jadawali, za ka ga tuddai. Yi aikin a ɗakin sanyi, in babu to da sassafe a ɗaki mai AC, tiyub ɗin tarawa a kan ƙanƙara. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kolum a kan benci da rana tsaka asarar dafi ce kawai.

Gargaɗi: kar saman kolum ya bushe ko na minti ɗaya, in ya tsage sai sabon zubi. Kuma kar ka rubuta cewa ka tace furotin guda ɗaya tsantsa don ka ga tudu ɗaya. Kowane tudu taron dangi ne masu kusan girma ɗaya, ka sa shi a jel za ka gani. Ware guda ɗaya da tabbatar da sunansa aikin injin tacewa na HPLC ne da injin auna nauyin ƙwayoyi, sai an haɗa kai da lab da ke da su. Ga mai son sanin wane ɓangare maganin dafi ke kamawa wane yake bari, tuddan nan sun isa a fara.

In za ka busar da tuddan don ajiya, tun farko yi kolum ɗin da amoniyam asitet, yana tashi tare da ruwan a injin, Tris da gishiri kuwa zama suke su taru a kan furotin ɗin. Tuddai sun fi ɗanyen dafi saurin lalacewa saboda an raba su da masu tsaronsu kuma sun tsarmu, har jikin roba suna mannewa, don haka a ranar za ka gwada su ko ka busar.

11. Yana aiki ko ba ya yi

Jel yana nuna furotin na nan, ba ya nuna yana da rai. Ga kububuwa gwaji mafi sauƙi shi ne daskarar da ruwan jini wato filasma, don a tiyub dafin daskarar da shi yake yi, a jiki ne yake ƙarar da abubuwan daskarewa har jini ya ƙi kamawa. Samu filasma mai sitiret daga bankin jini da izini, ɗumama mililita 0.2 a digiri 37, zuba dafi, danna agogo, ka riƙa karkata tiyub ɗin a hankali har ka ga ya kama. Mafi ƙarancin dafin da ke daskarar da shi cikin daƙiƙa 60 shi ne ma'auninka. In maganin dafi za ka gwada, haɗa shi da dafin a digiri 37 na minti 30 kafin ka zuba.

Kullum da tiyub uku na shaida: filasma da bafa kaɗai, filasma da dafi kaɗai, filasma da magani ko sassaƙe kaɗai. Masu sassaƙe ku kula sosai, ɓawon itace da yawa cike yake da tanin, shi kuma tanin kowane furotin ya samu kwantar da shi yake yi a tiyub, wannan ba ya nufin zai ceci wanda maciji ya sara a gona. Ku rubuta abin da kuka gani iya inda ya tsaya, don akwai mai karantawa ya fasa kai ɗansa asibiti. Gwaji a kan ɓeraye kuma sai da izini na daban da wanda ya ƙware a kai.

12. Gwajin ɗorewa da shara

Ware tiyub daga rabo ɗaya ka ajiye a -20, a firij digiri 4, a kan benci, da kuma 37 ko 40 wanda shi ne ainihin zafin ɗakunanmu da bazara, wasu busassu wasu narkakku. Ciro ɗaya-ɗaya a rana ta 1, ta 7, ta 30 da ta 90, ka maimaita jel da gwajin daskarewa, ka kwatanta da na ranar farko. Ajiye ma'aunin zafi a kowane wuri kana rubutawa, don firij ɗin da aka rubuta 4 a jikinsa ba lallai 4 yake bayarwa ba. Filasmar gwajin ma ta zama rabo ɗaya da aka rarraba aka daskarar tun farko, in kana canza ta ba za ka san dafi ne ya canza ko jinin ba.

Ragowar dafi, bakunan fifet da tiyub duk a jiƙa su a ruwan bilic sabon haɗi su jima kafin a zubar. Allura da fasasshen gilashi a akwatin kaifi, kar a bar wa masu shara a kwandon takarda. Kwalbar ajiya ta zauna a kulle, da littafin da ake rubuta wanda ya ɗauka, tiyub nawa, da kwanan wata.